Suna Na Bakwai a Ƙofar Kififiya

Bahiya, ƙasar Barazil
Rajab 1301, wato 1884 a lissafin Nasara

Zuwa ga ɗan'uwana Aliyu, a Ikko.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarka da ta iyalinka, da yadda ƙasar can ta riƙe ka. Ina fata ƙirjinka ya fi nawa, don nawa tun da muka fito daga cikin jirgi bai daina fitar da baƙi ba. Mu dai muna nan da sauran numfashi, alhamdu lillahi.

Mahmudu ne, shugabanku na masu hura wutar jirgi, in har shekara goma sha huɗu ba ta fitar da ni daga ranka ba. Wani Bayarabe mai kawo goro daga Ikko ne ya ce ya san wani Malam Aliyu da ya komo daga Barazil, mai tabon ƙuna a hannun hagu, yana koyar da karatu. Da ya ambaci tabon na ce shi ne, don ina tsaye a wurin ranar da ka dafa ƙofar tanda kana yi mini gardama a kan alƙibla. Shi zai kawo maka takardar nan. In kuma wani Aliyun ne mai irin tabon, to malam ka yi haƙuri, ka karanta ka sa mu a addu'a.

Cikin duk Hausawan da suka zuba wa jirgin nan gawayi a yaƙin Faragwai, mu uku muka rage a garin nan. Musa yana nan tare da 'yan dakonsa a kasuwar bakin ruwa, amma bayansa ya ƙi, yanzu da baki yake ɗaukar kaya. Ɗanbaba kuwa ƙarar tukunyar jirgi ta cinye masa kunne, sai ka sa baki a jikin kunnen ka yi ihu kafin ya ji rabin magana. Har yau da guga yake ci. Abin da hafsoshi suka koya masa da bulala shi ya zama sana'arsa, yana bin gidajen masu hali yana goge musu fitilu da mariƙin ƙofa, kuma in ya saki ƙarfe sai ka ga fuskarka a ciki. Ni ina zaune a unguwar Barokinya ina saƙa malafa, idanuna sun fara yana. Matata ta rasu shekara biyar ke nan. 'Yata Hauwa ta yi aure, tana kula da ni gwargwadon hali, sai dai Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Da Yarbanci da Fotugis take yi mini faɗa.

Tun shekarar da ka tafi muke haɗuwa, Lahadin farko bayan Babbar Salla. Da mu goma sha ɗaya ne, har da Yarbawa da Nufawan da suka yi aiki a saman jirgi. Sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Sa'annan ka san wani abu? Kififiya tana nan. Sunan da Turawa suka rubuta a gefenta bai taɓa zama a bakinmu ba, mu dai Kififiya muka sani, tunda bayanta kaɗai ke leƙowa waje, mu kuma muna can ƙasa, kogi na wucewa bisa kawunanmu. Bayan tafiyarka da shekara biyu aka jawo ta nan, aka cire bindigoginta, aka ɗaure ta nesa da gaɓa a Agwa di Mininus, ta zama rumbun gawayin sojan ruwa. Ba a barin kowa ya hau. Sai muka mai da haɗuwarmu bakin ruwan. Mu shimfiɗa tabarma inda muke hango ta, Ɗanbaba ya sa tsohuwar hularsa ta soja, mu raba wa masunta ƙosai sadaka, Musa ya kira sunayen mamatanmu, mu ce amin.

Aliyu, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma da kunya nake rubuta shi. Sunaye shida muke kira: Idirisu Bakatsine, Yahaya Dogo, Usman mai waƙa, Umaru Gajere, Garba ɗan Gobir, da Tanko. Amma Ɗanbaba ya rantse layi bakwai ne a ƙofar.

Ka san ƙofar da nake nufi. Bayan an sauke ni a garin Koriyantis da ciwon amai da gudawa, ban sake taka jirgin ba, daga asibiti aka turo ni gida. Musa da Ɗanbaba ne suka ba ni labari cewa ka ɗauki ƙusa ka karce sunayen mutanenmu da ajami a cikin fentin ƙofar rumbun gawayi, ta fuskar ciki, inda hafsa ba ya sa kai. Ka yi daidai, don ka san yadda mutanen nan ke firgita da rubutunmu tun boren da bayi musulmi suka yi a garin nan shekarun baya. A littafin soja kuwa ba a san Idirisu ba, ba a san Tanko ba, Zuze ne da Manuwel, ni ma Firmino ne a can. Ƙofar nan ita ce wuri ɗaya a duniya da aka rubuta su da sunan da iyayensu suka raɗa musu.

Ɗanbaba ba ya karatu, amma ranar da za a sallame ku ya je ya shafa ƙofar don ban kwana, ya ƙirga layukan da yatsa. Bakwai. Musa kuma ya ce bayan saukata ba wani namu da ya sake mutuwa. Ka ga ke nan na bakwai ɗin a hannuna ya mutu, ina shugabansa, ni na ba shi shebur, ni na nuna masa wurin kwanciya, kuma na manta shi sarai. Na bi su a raina har na gaji. Akwai waɗanda aka kawo mana cikon aiki, suka yi mako biyu ko uku, fuska duk gawayi. Ko cikinsu ne? Ban sani ba. Saboda haka in Musa ya kai kan Tanko sai ya dakata, ni kuma in ce: da na bakwai, wanda Kai ka san sunansa. Shekara goma sha huɗu muna haka.

Yanzu an sayar da Kififiya ga masu fasa tsofaffin jirage. Jiya aka ja ta zuwa gaɓar Itapajipi. An ce kafin azumi ba abin da zai rage sai tarin ƙarfe. Takardar nan za ta yi wata biyu a ruwa, amsarka ma haka, in kana da rai, in kuma ka tuna. Ba zan iya jira ba. Zan je in ga ko za a bar ni in kai ga ƙofar. Amma in ka tuna sunan, don Allah ka rubuto.

Musa da Ɗanbaba suna gaishe ka. Ɗanbaba ya ce in tambaye ka ko a can ma kana gardama.

Naka,
Mahmudu


Bahiya, 9 ga Sha'aban

Ɗan'uwana Aliyu,

Gaisuwa da fatan kana lafiya kai da mutanen gidanka. Ya jiki, ya makaranta? Jirgin da zai ɗauki wannan bai tashi ba tukuna, amma ba zan iya riƙe labarin a ciki ba. Ƙofar tana hannunmu.

Sau uku muka je Itapajipi. Zuwan farko mai gadi ya kore mu, ya ɗauka tsofaffin ɓarayin ƙarfe ne. Na biyu muka sami shugaban ma'aikatan, wani jan mutum mai gajeren haƙuri, ya saurare mu da kunne ɗaya ya ce mu dawo. Na uku Ɗanbaba ya sa hular nan tasa, ya ƙame a gabansa kamar ana fareti. Mutumin ya yi dariya har ya riƙe ciki, sa'annan ya tambayi abin da muke so. Ban ce masa rubutu ba. Na ce ƙofa ce da muka buɗe muka rufe shekara da shekaru, muna so mu ajiye ta. Ya ce in mun iya cire ta da kanmu kafin Asabar mu ɗauka, shi ba zai ba mu ko mutum ɗaya ba.

Aliyu, na sauka cikinta. Ban zaci ƙafafuna za su tuna tsanin nan ba, amma sun tuna, har da matakin da ya karkace. Sun riga sun yaye rufin ta gaba, rana tana shiga inda ba ta taɓa shiga ba. Wurin ya yi mini ƙanƙanta ƙwarai. A nan muka yi shekaru, mu mutum fiye da goma, tsirara sai bante, muna zuba gawayi, muna jin harsashi na dukan bayanta kamar ana sassaƙa turmi a kanmu? Taku shida ne daga tanda zuwa rumbu. Na auna. Musa ya tsaya daidai inda bututun tiriri ya fashe wa Yahaya da Garba, ya daɗe yana duban ƙasa. Ni kuwa tari ya kama ni har sai da na zauna.

Ƙofar tana nan a rufe, tsatsa ta kama maƙalanta. Kwana biyu muka yi muna ɗiga musu manja muna bugawa. Mu uku ne amma ƙarfin mutum ɗaya gare mu, shi ma mai mura. Ɗanbaba ne ya tuna cewa ƙusar maƙalin sama daga ƙasa ake fitar da ita, don tun a can kogi maƙerin jirgi ya sa ta a juye. Ma'aikatan suna ta kallonmu suna cin abinci. Yau Juma'a da hantsi ta saki, ta kusa tafiya da ƙafar Musa.

Na juya ta na sa hannu. Rubutunka yana nan. Ƙurar gawayi ta shekaru ta daskare a kai, amma yatsa yana jin karcen. Na bi su daga sama, kuma Ɗanbaba bai yi ƙarya ba, bakwai ne. Da na tofa yawu na murza, na iya karanta Idirisu, na karanta Yahaya, rubutun nan naka mai jan wutsiya da nake yi wa dariya. Na ƙasan ne suka fi cushewa, na bakwai ɗin kuma yana can gindi, inda gawayi ya fi taruwa, ya zama kamar ƙanzo. Na so in kankare da farce a nan take, sai na ji tsoro, don ba a cikin ƙarfe ka karce ba, a cikin fenti ne, fentin kuma ya tsufa. Ga duhu, ga idanuna. Na ce wanda ya yi shekara goma sha huɗu yana jira ba zai kasa kwana ɗaya ba.

Mutanen Musa ne suka rataya ta a sanda suka hau da ita tudu, mun lulluɓe ta da buhu. Ɗakina yana sama, matakalar ba za ta ɗauke ta ba, don haka muka kai ta wurin Ɗanbaba, shi da ke ƙasa kuma yana da ɗan tsakar gida da rana ke sauka. Wani tela maƙwabcina ya yi alkawarin ara mini tabarau gobe bayan ya gama ɗinkin safe. Kafin in fito na sa baki a kunnen Ɗanbaba na ce ya ɗan goge ta kafin in zo. Ya gyaɗa kai da murna, rabon da in ga haƙoransa haka na manta.

Jikina duk ciwo yake, hannuna da ƙyar yake riƙe alƙalami. Amma gobe in Allah ya kai mu zan kira mutumin nan da sunansa, in roƙe shi gafara.

Ka gai da iyali.

Naka,
Mahmudu


Bahiya, 13 ga Sha'aban

Aliyu,

Ina gaisuwa. Ina fata kana lafiya. Ni ba ni da ita, amma ba ciwon jiki ba ne. Wannan da waccan tare za su zo maka. Na so in yaga waccan, sai na ga gara ka karanta wautata da idonka.

Na isa gidan Ɗanbaba bayan azahar da tabarau a aljihu, da ɗan tsumma mai laushi, da gashin kaza da zan bi layukan da shi. Tun daga zaure na ji warin lemun tsami. Ban gane ba. Da na shiga tsakar gidan, hasken ne ya fara dukan idona.

Ya jingina ta da bango tana fuskantar rana. Fari fat, Aliyu. Tana walƙiya. Ba gawayi, ba tsatsa, ba fenti, ba komai. Ga garin jan bulo a ƙasa, ga rairayi, ga ɓawon lemun tsami tuli. Shi kuma yana tsaye a gefenta da hular soja, ya ƙame, yatsunsa duk sun fashe suna jini. Tun bayan sallar asuba yake kanta. Jira yake in duba in yaba, kamar yadda hafsa ke zuwa duba tagulla ranar Asabar.

Ni na ce ya goge ta. Da bakina na faɗa. Ni ƙura nake nufi, a ɗan share sama-sama. Amma a cikin Kififiya, yaushe aka taɓa ce wa Ɗanbaba goge ana nufin ƙura? Shekara huɗu in an ce masa goge, to a ci ƙarfe ne har sai ya nuna fuska, in ya bar ɗigo ɗaya a ɗaure shi a jikin bindiga. Ni na fi kowa sani, a gabana aka yi. Shi kuma a zatonsa rubutun a cikin ƙarfen yake, in ya cire dattin zai fito sarai. Da ya ga bai fito ba sai ya ɗauka bai goge sosai ba ne, ya ƙara.

Na sa tabarau na durƙusa. Na bi gindin ƙofar da ido, na bi da yatsa, na karkata ta ga rana. Fuskata kawai na gani, tsoho da tabaran aro.

Abin da na yi bayan nan shi ya fi damuna. Na miƙe na sa baki a kunnensa, don ya ji da kyau, na gaya masa maganganun da ban taɓa gaya wa mutum ba. Na ce Turawa sun kashe mutanenmu sau ɗaya, shi ya kashe su na biyu. Na ce bawa ne har a ɓargo, an 'yanta shi amma hannunsa bai ji labari ba. Duk ya ji, wannan karon ba rabi ba. Ya cire hular a hankali ya riƙe ta a ƙirji, ya zauna a ƙasa cikin garin bulon.

Kwana uku ke nan ban koma ba. Musa ya zo ya ce Ɗanbaba bai fita aiki ba, bai kuma taɓa abincin da aka kai masa ba. Ya ce in je. Na ce zan je. Hauwa ta tambaye ni abin da ya faru, na fara ba ta labari da Fotugis, sai na ga a harshen nan abin ya zama labarin tsofaffi uku da wani guntun ƙarfe, na bar zancen.

Shidan nan ina da su a ka, ko yau zan iya sake rubuta su. Na bakwai ne ya tafi. Yatsana ya taɓa shi, Aliyu, ranar Juma'a, yana ƙarƙashin yatsana, na ce sai gobe. Yanzu a duniya kai kaɗai ka rage da ka san shi, kuma ban ma tabbata kai ne Aliyun da mai goro ya gani ba.

Na gaji. Kififiya ma an gama da ita, jiya na hango amalanke na fita da guntayenta. In ka tuna, ka rubuto. In ba ka tuna ba ma ka rubuto ka faɗa mini, in san mu biyu ne.

Naka,
Mahmudu


Bahiya, Muharram 1302

Zuwa ga Malam Aliyu mai ƙusa, a Ikko.

Bayan gaisuwa da ta'aziyyar ɗanka da ka ce ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Takardarka ta iso kwana huɗu kafin Babbar Salla, tare da goron, mun gode. Na ji daɗi da ka ce ƙirjinka da sauƙi. Nawa yana nan yadda ka sani.

Na karanta ta sau uku a tsaye a bakin ƙofa, sa'annan na nemi wuri na zauna.

To ashe ni ne.

Ka ce kai ka raka marasa lafiya zuwa asibitin Koriyantis, ka koma washegari ka tarar an jera ni cikin gawawwaki an rufe da buhu, ka ɗaga ka ga fuskata, ka yi mini addu'a ka juyo. Ka ce ba ka gaya wa Musa da Ɗanbaba ba, don Ɗanbaba a lokacin in ya ji zai iya faɗawa kogi. Ka haɗiye, ka je ka karce ni a gindin ƙofa kai kaɗai. Ni abin da na sani shi ne na farka cikin ƙudaje wani mai haƙa rami yana ja na da ƙafa, na yi tari, ya sake ni ya ruga. Ban taɓa sanin ka zo ba.

Yanzu na gane abin da ya same ka ranar da kuka sauka a Bahiya ka gan ni a bakin ruwa ina ɗaga muku malafa. Na ɗauka zazzaɓi ne ya sa ka zube. Wata biyu ka yi a garin nan kana kauce wa idona, har na yi zaton wani laifi na yi maka. Ka ce kunya ce ta hana ka faɗa, wai ka rubuta mai rai cikin matattu. Haba Aliyu. Kalma ɗaya da ka furta da ka hutar da ni shekara goma sha huɗu. Na yi fushi da kai kwana biyu, na uku na nemi fushin na rasa, ba ni da ƙarfin riƙe shi. Na yafe, kai ma ka yafe mini dariyar da na yi wa rubutunka.

Ɗanbaba na riga na je wurinsa tun kafin azumi, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, amma bai ƙara sa hular ba, kuma in na shigo sai ya miƙe tsaye. Da takardarka ta zo na tafi da ita, na sa baki a kunnensa na karanta masa. Sai da na maimaita. Ya dube ni, ya dubi ƙofar, sai dariya ta ƙwace masa, yana yi yana tari yana nuna ni da yatsa. Ya ce ashe shi ya fitar da ni daga cikin matattu da garin bulo, ni kuma na biya shi da zagi. Ya ce in kawo goro biyu ladan aiki. Na ba shi uku. Muka zauna muna dariya har ta juye ta zama wani abu, Musa ya shigo ya same mu haka.

Na sake rubuta sunayen. Wannan karon da kurfi da guduma, a cikin ƙarfen kansa, tunda Ɗanbaba ya share mini fili. Kwana tara na yi, harafi biyu in huta. Rubutun ya karkace, bai kai naka ba, amma ko shi Ɗanbaba ya yi shekara yana guga ba zai fitar da shi ba. Da na gama Tanko na ajiye guduma, na daɗe ina duban gindin ƙofar. Sa'annan na ɗauka na sa na bakwai inda ka sa shi. A garin nan ban san wanda ya rage da zai iya rubuta Mahmudu da ajami in na tafi ba. Kai ka yi gaggawa da shekara goma sha bakwai, ni ban san da nawa na yi ba, amma ba za su kai haka ba.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai kai. Mutumin nan na bakwai, na fi yi masa addu'a a kan sauran shidan a haɗe. Don na manta shi, sai na riƙa biyansa da ita. Kowace salla yana ciki. Na yi masa fuska a raina, wani siriri mai shiru, wanda aka kamo yana yaro, bai ƙara ganin uwarsa ba, ya yi bauta, aka tura shi yaƙin da ba nasa ba a madadin ɗan ubangidansa. Nakan ce ya Allah, duk abin da ya yi Ka yafe masa, an wahalar da shi, sallolin da ya rasa a gaban tanda ba da son ransa ba ne. Na yi masa kuka ba sau ɗaya ba. Aliyu, ban taɓa roƙa wa kaina gafara da irin wannan tausayin ba. Ni a wurina kullum mai laifi ne, shugaban da ya fito da rai ya bar mutanensa a gaɓar kogi.

Lahadin bayan Salla mun je Agwa di Mininus kamar kullum. Ruwa ne kawai a inda take, har na rasa wajen da zan fuskantar da tabarma. Ƙofar ta fi ƙarfin ɗauka, mun bar ta a gida. Ɗanbaba ya zo da hularsa a ka. Muka raba ƙosai, masunta suka karɓa, wani cikinsu ya tambaya ko jirgin namu ne aka fasa, muka ce namu ne.

Musa ya kira Idirisu, ya kira Yahaya, har ya kai kan Tanko. Sai ya tsaya ya dube ni, don bai san yadda za a yi bana ba. Ɗanbaba ma ya zuba wa bakina ido, tunda da ido yake ji. Na yi niyyar in shafa fatiha a tashi. Sai na tuna in tawa ranar ta zo, ba lalle a sami mai faɗa da Hausa ba.

Na ce, da na bakwai. Suka ce amin.

Ka gai da iyalinka da ɗalibanka. In ka sami hali ka riƙa kiran sunayen nan a can, inda ake jin su.

Naka har kullum,
na bakwai,
Mahmudu